Su Wane Ne Ke Koya Wa Malamai?

A cikin shekarar 2017 wata ƙungiya ta ƙasar Amurka, Heartland Institute, ta shirya aika wa malaman kimiyya fiye da 200,000 wani ɗan littafi kyauta, har da faifan majigi. Abin da littafin ya ke so malami ya gaya wa yara shi ne wai masana ba su daidaita ba a kan ko aikin ɗan Adam ne ke ɗumama duniya, saboda haka a koyar da zancen kamar gardama mai gefe biyu. Malami kuwa, ko a Amurka ya ke ko a nan, mutum ne mai ƙarancin littattafai da ƙarancin lokaci, in aka miƙo masa abu a ɗaure da kyau ba ya rainawa. Don haka mu ke ganin ya kamata masu karatunmu su san irin mutanen da ke shugabancin waɗannan ƙungiyoyi, da ayyukan da suka yi kafin su zama masu koya wa malamai.

An kafa Heartland a birnin Shikago a 1984. Joseph Bast, wanda ya daɗe yana riƙe da ita, tattalin arziki ya karanta. Wanda ya gaje shi a 2017, Tim Huelskamp, ɗan siyasa ne da ya wakilci wani yanki na jihar Kansas a majalisa daga 2011 zuwa 2017. Ba waninsu da ya yi aikin awon iska ko na teku. Ƙungiyar ta karɓi kuɗi daga kamfanin taba na Philip Morris, ta kuma karɓa daga kamfanin mai na ExxonMobil har zuwa 2006.

To, wani zai ce ai ba duka ne jahilan kimiyya ba, kuma gaskiyarsa. A nan ne ma zancen ya fi wuya. Frederick Seitz, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa George C. Marshall Institute a 1984, babban shehi ne a ilmin fiziks. Shi ya shugabanci majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka daga 1962 zuwa 1969, ya kuma riƙe Jami'ar Rockefeller. Amma fa daga wajen 1979 ya koma yana duba wa kamfanin taba na R.J. Reynolds yadda za a raba kuɗin binciken lafiya, a sa'ad da kamfanonin taba ke bukatar a ci gaba da shakka kan ko sigari na kisa. A 1998 ya sa hannu a wata wasiƙa ta neman mutane su ƙi yarjejeniyar Kyoto, aka haɗa da wata maƙala da aka tsara ta yi kama da ta mujallar majalisar masanan nan. Sai da majalisar, wadda shi kansa ya taɓa shugabanta, ta fito fili ta ce ba hannunta a ciki. Daga baya ragamar ƙungiyar ta koma hannun William O'Keefe, wanda ya yi shekaru yana babban jami'i a ƙungiyar kamfanonin man fetur ta Amurka. An rufe ta a 2015.

Ba mu ce Seitz bai san fiziks ba. Mun ce sanin ƙarfe da dutse dabam, sanin gajimare dabam, kuma girman rawanin da mutum ya samu a wani fanni ba ya bin sa zuwa wani. Alƙalin da ya ƙware a rabon gado ba a kai masa mai ciwon ido.

Amma kada mu yi saurin yanke hukunci da tarihin aiki kaɗai, gama zai yaudare mu. Akwai wata ƙungiyar, National Center for Science Education, wadda ta soma taimakon malamai kan sha'anin yanayi a 2012, ita ce kuwa ta tashi ta mai da wa Heartland martani. Eugenie Scott da ta fara riƙe ta masaniyar halittar jikin ɗan Adam ce. Ann Reid da ta karɓa a 2014 sunanta ya fito ne a binciken ƙwayar cutar murar nan ta 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa. Su ma ba masana yanayi ba ne. Har ila yau Hoesung Lee, mutumin Koriya ta Kudu, ya yi wa kamfanin Exxon aiki yana saurayi, amma shi ne shugaban kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau IPCC, daga 2015 zuwa 2023, kuma a zamaninsa ne, a 2021, kwamitin ya bayyana cewa ba sauran shakka aikin mutane ne ya ɗumama iska da teku da ƙasa. Bambancin da mu ke gani shi ne, su waɗannan suna kai wa malami abin da dubban masu bincike suka auna suka tace, waɗancan kuwa suna kai masa abin da 'yan kaɗan suka rubuta, ba tare da sun bi ta hannun abokan sana'a masu tankaɗe da rairaya ba.

Awon kuwa yana nan. A 1958, sa'ad da Charles Keeling ya soma auna iskar kabon a kan dutsen Mauna Loa, ya sami kimanin kashi 315 cikin miliyan. Yanzu ta haura 420. Tun 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya lissafta cewa ƙaruwarta za ta ƙara zafi. Duk da haka wani bincike da aka yi a kan malamai 1,500 na Amurka, aka buga a 2016, ya nuna ko rabinsu ba su san yawan masanan da suka haɗu a kan wannan magana ba. Irin wannan rata ce littafin kyauta ke shiga ta ciki.

Mu nan zancen bai yi mana nisa ba. Tafkin Chadi da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya tsuke ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984, yaran da ke gaban malamanmu kuwa 'ya'yan manoma ne da makiyaya da masunta. Akwai ma gardama ta gaskiya da ta shafe mu: masana ba su gama daidaitawa ba kan ko damina a ƙasashen bakin hamada za ta ƙaru ko za ta ragu, kuma a wane yanki. In ana son a koya wa yara jayayya da hujja, ga fili nan.

Abin da mu ke roƙon ma'aikatun ilmi da shugabannin makarantu shi ne, kowace ƙungiya ta zo da littafi ko horon malamai a kan yanayi, ta gida ce ko ta waje, mai goyon baya ce ko mai musu, a nemi ta rubuto abu uku kafin a buɗe mata aji: sunayen shugabanninta, ayyukan da kowannensu ya yi a da, da inda kuɗinta ke fitowa. Magatakarda ya ajiye takardar a fayil, inda kowane malami zai iya zuwa ya duba.