RA'AYINA: A Bar Mu Mu Koya wa Junanmu Kwamfuta

Maganar da na kawo wannan makon ta kwamfuta ce, kuma roƙo ce ga hukumar makaranta: a ba ɗaliban da suka iya dama su koya wa waɗanda ba su iya ba.

Ga dalilina. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina yin jarrabawar shiga jami'a da takarda da fensir, sai da kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, Turanci 60, sauran darussa uku kowanne 40. A 2024 ita ma WAEC ta fara yi wa masu rubutawa daga waje jarrabawa da kwamfuta. Mu da muke aji biyu na ƙaramar sakandare, shekara huɗu ce kawai tsakaninmu da wannan kujera. Yaron da ya san amsa amma hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta, ko bai san harafin da zai danna ya wuce tambaya ta gaba ba, lokaci zai ƙare masa yana neman mai taimako. Kuɗin da iyayensa suka sayar da dawa ko akuya suka biya ya tafi ke nan, sai wata shekara.

To, yaya muke koyon kwamfuta yanzu? Mun haddace ma'anarta da Turanci. Mun san sunan Charles Babbage. Muna iya zana ta a littafi mu sa wa kowane sashe suna, har a ba mu maki goma bisa goma. Amma ka zagaya aji ka tambaya, wa ya taɓa buga sunansa da hannunsa ya adana shi? Za ka ga hannuwa kaɗan. Kamar a koya maka tuƙin keke a kan allo ne, ba ka taɓa hawa ba. Ba laifin malamanmu ba ne. Malami ɗaya, azuzuwa da yawa, darasi minti arba'in, ina zai bi kowa ya riƙe masa hannu?

Amma a cikinmu akwai waɗanda suka iya. Wani yayansa na da shagon buga takardu da hoto, can yake wuni ranar Asabar. Wata akwai laftof a gidansu. Wasu yayyenmu na babbar sakandare sun riga sun fara gwajin JAMB. Mu a ƙasar Zuru ba baƙon abu ba ne a taru a yi wa mutum aikin gona, gobe a koma gonar wani. Gayya ke nan. Me zai hana mu yi gayyar kwamfuta?

An taɓa yi a wani wuri, kuma ɗalibi ne ya fara. A birnin Cork na ƙasar Ayilan, wani ɗan sakandare mai suna James Whelton ya buɗe kulob a makarantarsu yana koya wa 'yan'uwansa yadda ake haɗa shafin intanet. A 2011 shi da wani mutum, Bill Liao, suka mayar da abin ƙungiya mai suna CoderDojo, inda 'yan sa-kai ke koya wa yara kyauta, ta kuma bazu ƙasashe da yawa har da na Afirka. Idan wani ya ce ai can Turai ne, to ga na gida: a 2018 'yan mata biyar daga wata sakandare a Onitsha sun ci zinare a gasar Technovation a Amurka, da manhajar waya mai gano jabun magani. Sa'o'inmu ne lokacin. Ni ban ce mu ma gobe za mu je Amurka ba. Mu fara da kunnawa da kashewa tukuna.

Na san abin da za a ce. Na farko, yara za su lalata kayan gwamnati. Gaskiya ne akwai masu ɓarna a cikinmu, ba na musu. Sai dai kwamfutar da aka kulle a ɗaki ma lalacewa take yi, ƙurar hunturu ta shige ta, ɓera ya ci waya, ranar da aka zo kunnawa ta ƙi tashi ba wanda ya amfana. Gara a ajiye rajista, duk wanda ya zauna a rubuta sunansa da lambar kwamfutar da ya taɓa, malami ɗaya na zaune yana sa ido. Wanda ya yi wasan banza a cire shi sati biyu.

Na biyu, za a ce ɗalibi zai koyar da kuskure. Shi ya sa nake ganin malamin kwamfuta ya fara gwada masu son koyarwar, wanda ya ci shi za a ba mutum biyu ko uku. Kuma ba abu mai zurfi za su koyar ba: riƙe linzami, sanin inda haruffa suke, buga wasiƙa, adana aiki da sake buɗe shi, amsa tambayoyin gwaji. Ni zan so a haɗa da yadda ake buga ƙ da ɗ da ɓ, domin ana yawan rubuta Hausa babu su, sai ƙafa ta koma kafa. Masu jin C'lela su ma su gwada buga labarin Uhola da harshensu, mu liƙa a wannan allo.

Maganar wuta kuwa, ita ce mai wuya. In akwai laftof a yi cajinta tun da dare. In babu, ƙungiyar iyaye da malamai ta duba ko za a iya samun man janareta na awa ɗaya a mako ko ƙaramar sola. A ce kwamfuta biyar ce kaɗai ke aiki, mutum biyu a kowace ɗaya, rabin awa rabin awa, a awa ɗaya mutum ashirin sun taɓa.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Idan aka sa shi bayan an tashi, an cire 'yan mata ke nan, domin aikin gida na jiranmu. An kuma cire masu zuwa daga nesa, tunda a halin tsaron da ake ciki ba uban da zai so ɗansa ya yi yamma a hanya. Don haka a sa shi a lokacin kulob, cikin lokutan makaranta. Kuma don Allah a raba layi, na mata daban na maza daban. Kowa ya san in an haɗa, namiji ne zai riƙe linzami, mace ta tsaya a baya tana leƙe har a kaɗa ƙararrawa.

Muna da maƙwabtan da za su iya ɗaga mu. Tun 2020 garin nan yake da Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona, ɗalibanta da kwamfuta suke rubuta aikinsu na ƙarshe. Ga kuma 'yan bautar ƙasa, waɗanda dama suna da rana guda a mako ta yi wa al'umma hidima. Ina roƙon shugaban makarantarmu, ranka ya daɗe, a rubuta musu takarda a nemi ko mutum biyu su riƙa zuwa suna koya wa masu koyar da mu.

Kafin nan, duk wanda ya iya kuma yake son koyarwa, da duk wanda bai taɓa taɓawa ba yake son koya, ya ba monitan ajinsu sunansa kafin ranar Juma'a. Mu 'yan kulob za mu tattara mu kai wa malamin kwamfuta ranar Litinin bayan taron safe.

Daga wata 'yar aji biyu, ƙaramar sakandare
Kulob ɗin 'Yan Jarida