Jami'ar Zuru Ba Kanti Ba Ce

Na karanta rubutunka, Malam, inda ka ce ya kamata Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ta mayar da bincikenta haja, ta sayar wa kamfanoni, ta daina jiran Abuja. Har ka kafa hujja da dokar Bayh-Dole da Amurka ta yi a 1980. Can kamfanoni suna layi a ƙofar jami'a. A Zuru wa zai saya?

A 2020 aka kafa jami'ar nan. Yaron da bai fara rarrafe ba kake neman ɗora wa talla.

Ban ƙi ciniki ba. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar IAR ta Samaru ta fitar a 2019 ya rage wa manomi feshin maganin tsutsa, kamfanonin iri kuma suna sayar da shi. Amma shekaru aka kwashe ana aikinsa da kuɗin tallafi kafin ya kawo ko kwabo.

Ka je gonar dawa a Dabai da kaka. Ƙuduji ya fito da fure, karan dawar ya tsumbure, mai gonar na tuge ciyawar da hannu. Irin da zai shuka baɗi daga rumbunsa zai ɗiba. Wane kamfani ne zai biya kuɗin binciken matsalarsa? Malamin da aka ce sai ya kawo riba, masara da shinkafa zai bi, ya bar wannan bawan Allah da ƙudujinsa.

A bar jami'ar ta yi bincike tukuna, Malam. Cinikin ya jira.