ZAUREN 'YAN MATA: Ba Kowace Faɗuwar Gaba Ce So Ba

 Ku yi mini afuwa, na ajiye maganar gyaran gashi da na yi muku alkawari, saboda wata wasiƙa da ta zo mini daga Birchi ta ƙaramar hukumar Kurfi, wadda tun da na karanta ta na kasa sukuni. Ƙanwar tawa ta roƙi in sakaya sunanta, na kuwa sakaya.

Yarinya ce 'yar aji biyar a sakandare, mahaifinta ya ce ta fito da miji, ga kuma samari biyu. Na farkon a motar haya suka haɗu tana dawowa daga Dutsin-Ma. Tayar gaba ta fashe, mota ta yi ta tangal-tangal kowa na salati, da ƙyar direba ya samu ta tsaya. To shi ne ya taimaka mata ta fito, ya ɗauko mata jakarta, ya miƙa mata ruwa. Tun daga ranar in ta tuna shi sai gabanta ya faɗi. Sau uku kacal suka yi zance, ba ta san sana'arsa ba, ba ta san gidansu ba, amma ta rantse mini wai zuciyarta ta gaya mata shi ne mijinta.

Na biyun ɗan gari ne, yana da shagonsa, yana yi wa iyayenta hidima, kowa na yabonsa. Sai dai duk ranar da ya zo zance jikinta sanyi yake yi, tsikar jikinta ta tashi. Kullum so yake su matsa daga ƙofar zaure zuwa inda hasken fitila ba ya kaiwa, in ƙanwarta ta zauna kusa sai ya ba ta kuɗi ya ce ta je ta sayo alewa. Da ta gaya wa ƙawayenta, dariya suka yi mata wai ƙauyanci ke damunta.

Ƙanwata, a wurare biyun nan duk jikinki ne ya yi magana kafin hankalinki ya buɗe baki. Haka Allah Ya halicce mu. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle guda biyu, hagu da dama, masana na ce musu amigdala, aikinsu gadi. Da sun hango haɗari sai su tada jiki, wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda su zubo sinadarin adiranalin cikin jini, zuciya ta hau bugu, numfashi ya ƙaru, tafin hannu ya jiƙe. Shi ya sa in kin taka igiya da daddare a tsakar gida, kin riga kin yi tsalle kin yi ihu kafin ki gane ta guga ce. Mai gadin nan yana da sauri, amma fa ba ya rubuta wa abin da ya gani suna. Ke ce daga baya za ki ce wannan tsoro ne, wancan so ne, kuma a nan ake yin kuskure.

Ga wani abu da zai ba ki mamaki. A shekarar 1974 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Donald Dutton da Arthur Aron, sun yi gwaji a ƙasar Kanada. Akwai wata siririyar gada ta igiya da katako a kan kogin Kafilano, tsayinta daga ƙasa kimanin mita 70, tana lilo in an hau ta. Suka sa wata budurwa ta riƙa tare samarin da ke tsallakawa tana yi musu 'yan tambayoyi, sannan ta ba su lambar wayarta wai ko suna neman ƙarin bayani. Aka maimaita haka a wata gadar gajera mai ƙwari. Cikin 18 da suka karɓi lambar a gadar mai lilo, 9 sun kira ta. A ɗaya gadar kuwa 2 ne kawai cikin 16. Budurwa ɗaya, magana ɗaya. Masanan suka ce gadar ce ta sa zuciyarsu bugu, su kuwa suka ɗora wa yarinyar. To ke ma ina jin tayar mota ce ta fara faɗar miki da gaba, bawan Allah ya zo ya tarar da aiki a gama.

Ban ce mutumin banza ba ne, wataƙila ma ɗan kirki ne, taimakon da ya yi miki Allah Ya saka masa. Abin da nake cewa shi ne zuciyarki ba ta san komai a kansa ba, to me za ta gaya miki? Wanda bai je kasuwa ba ai ba ya ba da labarin farashin gero.

Na biyun fa? Nan kam sai na gyara zama, don ƙawayenki sun ba ni haushi wallahi. Hausawa sun ce jiki magayi, kuma yana yin gaskiya ne a kan abin da ya daɗe da sani. Dubi Innarki, tana ɗaki za ta ce miki tuwon nan ya fara kamu, ba ta gani ba, shekarun girki ne suka koya wa hancinta. Ke ma tun kina ƙarama kike ganin yayyenki suna zance a ƙofar gida, kin san inda mai neman aure na gaskiya yake tsayawa, kin san ba ya korar 'yar rakiya. Jikinki ya tattara waɗannan alamomin ya haɗa lissafi, shi ne sanyin da kike ji. Ai ko a Islamiyya kun karanta hadisi na 27 cikin Arba'una, inda aka nuna mana cewa abin da ke kai-kawo a rai, wanda ba ka son mutane su gani, abin gudu ne. Mai neman duhu kuwa shi da kansa ya nuna ba ya son a gani.

Sannan ki auna asarar. In kin guji igiya kina zaton maciji ne, iyakaci a yi miki dariya. In kuwa kin ɗauki maciji kina zaton igiya ce, sai dai wani ya ba da labari. Saboda haka ni dai a nawa ganin, in jiki ya ce ja da baya, ki ja tukuna sannan ki yi bincike. In kuwa ya ce amince, to ki yi binciken tukuna.

Yau ɗin nan ki samu Innarki ko gwaggonki ki faɗa mata maganar fitila da alewa yadda kika rubuto mini, kada ki rage komai don kunya. In ya sake zuwa, kada ki gusa daga ƙofar zaure, ƙanwarki kuma ta zauna daram, za ki ga yadda fuskarsa za ta yi. Shi kuma na mota, ki ce ya turo manyansa a san asalinsa da sana'arsa, in da gaske yake ba zai ji nauyin haka ba. Ki yi istihara, ki kuma nemi wata babba da Baba ke jin maganarta ta roƙa miki shi ya bari ki kammala aji shida, shekara ɗaya ce ta rage miki.

Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi da Inna. Maganar gyaran gashi kuma sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.