Gidan mata masu zuhudu na Tsibiri

Mai karatu, in ka taso daga Mayahi ka bi ta Cadawa ka isa Maraɗi, Tsibirin Gobir ba nisa. A garin nan akwai wani gida na mata Kirista masu zuhudu. Ba su yin aure, ba su tara dukiyar kansu. Tare suke ci, tare suke addu'a safe da yamma. A irin waɗannan gidaje ne Kirista kan keɓe kansu kwana biyu ko mako guda don ibada, kamar yadda malamanmu ke shiga halwa.

Gidan bai daɗe ba. A shekarar 2001 aka ba Maraɗi nata babban limamin Katolika, Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina. A 2006 wata mata mai suna Marie-Catherine Kingbo ta kafa ƙungiyar da ake kira Bayin Almasihu Mata. Daga Senegal ta zo, inda ta yi shekaru tana shugabancin wata ƙungiya irin wannan. Ka tuna lokacin: shekara ɗaya ke nan bayan yunwar 2005, sa'ad da tamowa ta cika gidajen likita da yara.

Da yaran nan suka fara. Sun buɗe wurin ciyar da masu tamowa a Ɗan Bako. Sun yi lakwal a Tsibiri. Suna ba mata ɗan bashi su ja jari. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne taron da take kira na limamai da masu gari, a zauna a yi maganar auren wuri da karatun ƴa mace. Mace, baƙuwa, ba Musulma ba, amma dattawa suka zo suka saurara. Ta rasu a 2021.

To, na san abin da wasu ke faɗi a bakin kasuwa. Suna cewa duk dabara ce, ƴaƴanmu ake so a juya. Ban raina wannan tsoro ba. Matan nan Kirista ne, ba su kuwa ɓoye ba. Uba yana da iko ya je ya tambaya me ake koya wa ɗiyarsa, in bai gamsu ba ya ɗauke ta. Amma tambaya daban, jifa daban.

Mun ga inda jifa ke kai mutane. Ranar 16 da 17 ga Janairun 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga can Paris, aka ƙone majami'u a Zinder da Yamai, har mutum 10 suka mutu. A Yunin 2019 aka sake ƙone wata a cikin Maraɗi. Wanda ya yi zanen yana Faransa yana barcinsa, wuta kuwa ta ci gidan maƙwabci. Wa aka rama wa?

Kuma ba addininmu ya sa mu ba. Tambayi malamin garinku. Da Musulmin farko suka sha wuya a Makka, Habasha suka yi hijira, sarki Najjashi ya ba su masauki, alhali ƙasar Kirista ce. Sayyidina Abubakar, da zai tura runduna Sham, ya hana a taɓa masu zuhudu da suka keɓe a ɗakunan ibadarsu. Wannan fa lokacin yaƙi ne. Ina ga mu da muke cin kasuwa ɗaya?

Ni a ganina, wanda aikin matan nan ya dame shi, ga hanya. Jahar Maraɗi ba ta rasa alhazai masu kuɗi ba. A gina wa yara masu tamowa wurin ciyarwa a Mayahi, a gina a Tasawa, a sa matanmu da suka yi karatu su riƙe. Uwar da ɗanta ya rame har ya kasa kuka, inda aka dama kunu can za ta. Kai da ka iya karatu yanzu, ran da maganar gidan Tsibiri ta taso a dandali, ka faɗa musu shekarar da aka kafa ƙungiyar, da wadda ta kafa ta, da abin da ake yi a ciki.