Ba Ƙwayar Barci Baba Yake Buƙata Ba

Da wuya mako ya shige ba a tsaya a tagar ɗakin magani an ce mini, "Don Allah a taimaka mana da abin da zai kwantar da Baba" ba. In na bincika, sai in tarar laifin Baba bai wuce ƙin wanka da sanyin safiya ba, ko nacewa sai ya fita idan la'asar ta yi. Wato ƙwayar da za ta hana dattijo cewa a'a ake nema.

Ba na bayarwa, kuma ga dalili. Magunguna irin su haloperidol da risperidone suna ƙara wa tsofaffi masu cutar mantuwa haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan haɗarin mutuwar a 2005, sannan a 2008 ta faɗaɗa shi ya haɗa da irin su haloperidol. Diazepam kuwa jiri yake sa wa, ga faɗuwa, ga karayar ƙugu.

Abin da muke kira gigin tsufa yana cin tunani, amma ba ya shafe abin da mutum yake so da wanda yake ƙi. A kan wannan Tom Kitwood na Jami'ar Bradford a Ingila ya gina littafinsa na 1997: a fara duban mutumin kafin cutar. Wanda ya shekara hamsin yana la'asar a masallaci, in ya nufi ƙofa ba hauka yake yi ba. A haɗa shi da jika ya raka shi. In ya ƙi wanka, a dumama ruwan, a sake gwadawa da hantsi. A nuna masa riga biyu ya zaɓa. Sau da yawa ma fitinar ciwo ce da ya kasa faɗa: haƙori, ƙin bayan gida, ko ciwon mafitsara.

Na san masu jinya suna gajiya, galibi 'ya mace ko suruka ɗaya aka bar wa nauyin. Sai dai maganin gajiyarta 'yan'uwa su karɓe ta. Ana ba da irin waɗannan ƙwayoyi idan majinyaci zai cutar da kansa ko wani, kaɗan, na ɗan lokaci, a hannun likita. Wanda aka riga aka ɗora a kansu, kada a tsayar masa farat ɗaya. Ku koma da shi asibiti a sake dubawa, kuma in likita ya yi tambaya, ku bari Baba ya fara amsawa.