Filin Uwargida: Sirrin Jar Dara Na Cikin Ruwa Da Sabulu

Yau kira nake ga masu saƙar ulu, musamman na Dutsin-Ma da Kurfi, domin akwai wata sana'a kusa da hannunku.

Kun ga jar darar nan da iyayenmu maza ke sawa? A ƙasar Tunisiya saƙa ta ake fara yi da gashin tumaki, ta fito ƙatuwa sakwa-sakwa, sannan a yi ta bugunta cikin ruwa da sabulu har ta tsuke ta yi kauri. Dalili kuwa, kowane silin gashin yana da 'yan ɓawo-ɓawo kamar na kifi. In ya sha ruwan ɗumi da murza sai su sarƙe da juna, ba sa sake rabuwa.

To amma fa uwargida, kada ki zuba jarinki sai kin gwada ulun. Yawancin wanda muke saye a kasuwa na roba ne, ko kwana za ki yi kina murza ba zai kama ba. Tsinko sili ɗaya ki kanga masa ashana. In ya yi ƙaurin gashi ya zama toka, na gaske ne. In ya narke kamar leda, ki bar shi. Gashin tumakinmu irin su Balami da Uda ma bai dace ba, ya cika kaushi.

In kin dace da na gaske, ki warware shi ki taje. Shimfiɗa shi siriri-siriri kan ƙaramar tabarma, hawa uku, kowane hawa ya gitta na ƙasansa. Rufe da guntun gidan sauro, ki yayyafa ruwan ɗumi mai sabulu, ki danna, ki riƙa shafawa a hankali. Sannan ki naɗe tabarmar ki yi ta mirginawa, kina warwarewa kina juya gefe. In kin mintsina kika ga gashin bai taso ba, ya kama ke nan. Ɗauraye ki shanya a inuwa. Ki tuna zai tsuke sosai, don haka ki shimfiɗa fiye da girman da kike so.

Shawarata ki fara da ɗan faifai, kafin ki kai ga takalmin jarirai na hunturu. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya bar mu da mazajenmu lafiya, amin.