Maƙalar mako: Abin da za a shimfiɗa wa maciji

Mun san daga ganin take wasu sun ja da baya, domin a wajen yawancinmu maganar maciji ba ta wuce "ina sanda?" ba. To a ɗan yi mana haƙuri. Akwai masu kiwonsa cikin akwatin gilashi kamar yadda muke kiwon tattabaru, musamman a Amurka da Turai, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi so ɗan yankinmu ne. Wata ƙaramar mesa ce marar dafi, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da dubbanta duk shekara, a Najeriya ma akwai ta. Yanzu bidiyon waɗancan masu kiwo ya fara jan samarinmu, sai ka ji yaro ya sayi mesa a hannun mafarauci, ya haɗa akwati, ya zuba duk abin da hannunsa ya kai.

Wannan zubawar ce damuwarmu. Maciji ba shi da ƙafar da zai ɗaga jikinsa daga ƙasa. A kan shimfiɗar yake kwana, a kai yake cin abinci, ita yake shaƙa, kuma irin wannan mesa tana wuce shekara 20 a hannun mai kula. Saboda haka muke ganin kafin a tambayi me ya fi kyau a hoto ko me ya fi araha, a fara tambayar inda macijin ya fito.

Ita wannan mesa a daji wuni take a ramin ɓera ko cikin tsohon suri, inda iska ke da laima ko da waje ya bushe. Masu kiwo suna riƙe mata danshin iska kusan kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, su ƙara in za ta yi saɓa. A Kano kuwa da hunturu danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20, lokacin da mu kanmu leɓe ke tsagewa. In akwati ya bushe haka, saɓar ba ta fita ɗungurungum, sai gutsi-gutsi. Maciji ba shi da fatar ido mai ƙiftawa, wani ɓawo ne garau ya rufe idon, shi ma yana fita tare da saɓa. In ya maƙale sai gani ya ragu. Wanda ya maƙale a bakin wutsiya kuma yakan ɗaure ta har jini ya daina zuwa.

Abin da ya fi jan mutum a nan shi ne dusar katako. Kyauta ake ɗiba a wajen kafinta, ga ta muna zuba wa kaji, to me zai hana? Mun taɓa ganin wata mesa da aka ajiye a kanta wata biyu, tana numfashi da baki a buɗe, majina a hanci, mai ita yana rantsuwa mura ce kawai. Matsalar ita ce ba ka san katakon da aka yanka ba. Cikin buhu ɗaya akwai wanda aka shafa wa maganin gara, akwai mai fenti, akwai falanki mai gam. Ko a ƙasashen da ake sayar da shimfiɗa a leda da suna a jiki, masu kiwo sun daɗe da guje wa ɓawon itatuwa masu ƙamshi irin su sida, saboda man da ke cikinsu yana cutar da hanyar numfashi. Balle ƙura mai laushi da ke shiga hanci. Kazar nama sati shida zuwa takwas take yi a kan dusa a yanka ta, ba a kwatanta ta da dabbar da za ta yi shekaru tana jan ciki a wuri ɗaya.

Yashi ma haka. Yana manne wa ɓeran da aka ba ta, ta haɗiye, ya taru ya toshe hanji, ga shi ba ya riƙe laima.

Abin da muke goyon baya ga wannan mesa shi ne ɓawon kwakwa da aka daddatsa, a wanke shi sosai, a jiƙa, a matse. In ka damƙa a hannu ruwa ya ɗiga, ya yi yawa. Nan ma mutane ke zarcewa, sun ji an ce danshi sai su mayar da akwati fadama. Cikin maciji in ya daɗe a kan jiƙa sai ya yi ja, ya yi ƙuraje, ya fara ruɓewa. Da damina a rage ruwa, a leƙa ƙasan shimfiɗar don fumfuna. Kuma a sayi 'yar na'urar auna danshi, kar a dogara da ƙiyasi.

Sai wadda aka raina, tsohuwar jarida ko farar takarda. Ba ta yin kyau a hoto, mun yarda. Amma duk macijin da ya shigo gida sabo, makonninsa na farko a kanta ya kamata ya yi. Wanda aka kamo daga daji yakan zo da kaska da wasu baƙaƙen ƙwari ƙanana kamar ƙumar kaji, a kan fari kaɗai za ka gan su. A nan za ka ga kashinsa ka san ko cikinsa lafiya. In ta ɓaci ka naɗe ka ƙona. Wannan ya shafi mutanen gida ma, domin macizai kan ɗauki ƙwayar cutar salmonella a kashinsu, mai sa zawo da zazzaɓi, ta fi kuma wahalar da ƙananan yara. Kwanon da aka wanke akwati da shi kada ya koma madafa.

Wani zai ce, a ƙasar da kububuwa ke kai manoma asibitin Kaltungo duk damina, waye ke da lokacin katifar maciji? Ba mu ƙi maganarsa ba, kuma ba mu ce kowa ya je ya sayi mesa ba. In da namu ne, a bar ta a surinta tana rage wa manomi ɓeraye. Amma wanda ya riga ya ɗauko ta ya rufe, ya hana ta zaɓen rami mai sanyi da kanta, to neman ɓawon kwakwa ya hau kansa. In kuma a garinsu babu, ya shimfiɗa jarida, ya sa babban kwanon ruwa da wata 'yar tukunya mai jiƙaƙƙen tsumma a ciki wadda za ta shiga in saɓa ta zo.